Kayan da mai fara ɗurin harsashin raifil yake buƙata, da waɗanda zai iya jinkirtawa

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka, kusa da birnin Hyustan, shekara shida ke nan. Ina da lasisin farauta da bindigar raifil mai sakata, samfurin .308 Winchester, wadda nake farautar barewa da ita. Nakan je filin harbi sau biyu a wata, kuma abin da nake harbawa a wata bai wuce harsashi hamsin ba. Tsadar harsashi ta sa ina son in fara ɗura nawa da kaina, kamar yadda abokan farautata suke yi. Na ware dala 500. Wani ya ce in sayi ƙunshin kayan da ake sayarwa a kwali ɗaya, wani kuma ya ce in yi haƙuri in tara kuɗi in sayi babban injin nan da ke fitar da ɗaruruwan harsasai a awa guda. Da me ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, tambayarka ta ƙunshi abu uku: wane inji za ka saya, shin ƙunshin kwali ya wadatar, sannan ina ya fi dacewa ka zuba mafi yawan kuɗin da ka ware. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko, sannan in biyo da dalilai. Ka sayi ƙaramin inji mai aiki ɗaya a lokaci guda, ka bar maganar babban injin nan gaba ɗaya, kuma kada ka yi ƙyashin kashe kuɗi a kan littafin ɗuri da sikeli da ma'aunin tsawo, domin a kansu lafiyar idonka da yatsunka ta rataya. Na yi shekara fiye da ashirin ina wannan aiki, kuma duk hatsarin da na gani ko na kusa faɗawa ciki, daga awo ya taso ko daga gaggawa. Ban taɓa ganin wanda ya samu matsala don injinsa mai araha ne ba.

Kafin kaya, doka

Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga wanda yake ɗura harsashi don amfanin kansa, matuƙar an yarda masa ya mallaki makami. Amma da zarar ya mayar da abin sana'a yana sayarwa, dole ya nemi lasisin ƙera harsashi daga ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu baƙi musamman. Dokar makamai ta 1968, tare da gyare-gyaren da aka yi mata, ta lasafta kwanson harsashi da albarushi da faraima (wato 'yar hular da ke kunna albarushin) da kan harsashi duk a matsayin harsashi, ko da ba a haɗa su ba. Wanda yake zaune da takardar zama ta dindindin ba shi da matsala ta wannan fuska, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara an hana shi mallakar su, sai in ya shiga cikin 'yan keɓantattun da doka ta ambata, kuma sahihin lasisin farauta yana cikinsu. Tunda ka ce kana da lasisi, ka tabbata ba ka bar shi ya ƙare ba. Jihohi da birane ma suna da nasu ƙa'idojin na ajiyar albarushi, kuma in haya kake yi, ka duba takardar yarjejeniyarka da mai gida.

Ga masu karatu da ke gida kuwa, wannan magana ba ta shafe su ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi, in ba a ma'ajiyar makaman hukuma ko masana'antar soja ba. Kada kuma wani ɗan'uwa ya yi tunanin jefa kwanso ko faraima a cikin kaya ya tafi da su gida a matsayin tsaraba, domin laifi ne babba a filin jirgin tashi da na sauka.

Abin da ake yi, da dalilin da ya sa awo ya fi komai

Harsashin raifil abu huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, akwai 'yar hular da ke gindinsa wadda allurar bindiga ke bugawa ta ba da tartsatsi, ita ce ake kira faraima, akwai albarushi, sai kan harsashin da ke fita ta bakin bindiga. Idan aka harba, uku sun tafi, kwanso ya saura, kuma shi ne ya fi sauran tsada. Aikin ɗuri shi ne a tsabtace wannan kwanso, a matse shi ya koma girmansa na asali domin harbi ya kumbura shi, a cire tsohuwar faraima, a auna tsawonsa a datse in ya wuce kima, a sa sabuwar faraima, a zuba albarushin da aka auna, sannan a dasa sabon kai. Kowane kayan aiki da zan ambata yana hidima ne ga ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

Mu da muka taso muna ganin mafarauta suna ɗura bindigar toka, muna da wani tunani da ya kamata mu ajiye shi a ƙofa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da tafin hannu yake auna albarushi, in ya ɗan ƙara ko ya ɗan rage, bindiga ta tashi lafiya. Baƙin albarushi irin na da yana da wannan sassaucin har zuwa wani mizani. Albarushin zamani marar hayaƙi wani abu ne daban, kuma da nauyi ake auna shi, da wani ma'auni da ake kira giren. Laba ɗaya giren 7,000 ce, giram ɗaya kuma giren goma sha biyar ne da 'yan kai. Ƙungiyar SAAMI, wadda masana'antun makamai na Amurka suka kafa a 1926 don daidaita ma'aunai, ta ƙayyade wa .308 Winchester matsin da bai wuce laba 62,000 a kan kowane murabba'in inci ba. Tayar motarka laba talatin da 'yan kai take ɗauka. Wannan matsi yana tasowa ne a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya daga fuskarka ba. A yawancin jadawalin awon albarushi na .308, tsakanin awon farawa da awon ƙarshe da ba a ƙetarewa bai wuce giren uku zuwa huɗu ba, wato kusan rubu'in giram. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamaki ba in na ce sikeli ya fi inji muhimmanci.

Saboda haka abin da za ka fara saya shi ne littafin ɗuri, kuma ka karanta babukan farko sau biyu kafin ka taɓa komai. Kamfanonin Hornady da Sierra da Speer da Nosler duk suna buga nasu, sai dai kowannensu ya fi mayar da hankali ga kan harsashin da yake ƙerawa. Na kamfanin Lyman nake fara ba sabon shiga, domin jadawalinsa ya haɗa kayan kamfanoni dabam-dabam, bayaninsa na matakai kuma a fili yake. Kamfanin albarushi na Hodgdon yana da jadawali kyauta a intanet, wanda za ka riƙa gwada shi da na littafinka. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya: duk awon da bai fito daga littafi ko daga kamfanin da ya gwada shi da na'urar auna matsi ba, kada ka zuba shi a kwansonka, ko da amininka ne ya ba ka, ko da ya rantse cewa shekara goma yana harba shi. Bindigarsa daban, taka daban. Wannan ne ya sa ni ma ba zan rubuta maka wani awo a nan ba. Kullum daga awon farawa ake tashi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duba kwanso bayan kowane harbi.

Maganar inji

Injin da ake matse kwanso da shi, wanda masu sana'ar ke kira firas, iri uku ne. Akwai mai mataki ɗaya, wanda ake ɗaura masa ƙarfen aiki guda, a bi kwanso hamsin da shi, sannan a kwance a ɗaura na gaba. Akwai mai juyi, wanda kansa ke ɗaukar ƙarafa uku ko huɗu ko fiye, a riƙa juya su. Sai babban da abokinka yake nufi, irin wanda kamfanin Dillon na jihar Arizona ya yi suna da shi, wanda duk jan hannu ɗaya yake aiki a kan kwanso huɗu ko biyar lokaci guda, harsashi gamamme ya faɗo.

Babban injin nan ba shi da aibu, amma an yi shi ne don masu gasar ƙaramar bindiga da ke ƙona harsashi dubu a wata. Kai hamsin kake harbawa, abin da firas mai mataki ɗaya zai gama maka a yammaci guda, ko biyu in kana bi a hankali. Dalilin da ya fi wannan ƙarfi shi ne koyo. A kan mai mataki ɗaya, hannunka yana jin kowane kwanso: za ka ji wanda ya yi tauri wajen shiga, za ka ji faraimar da ta zauna da sauƙin da ya wuce kima, alamar ramin ya buɗe kuma kwanson ya gama aiki. A kan babban inji abubuwa biyar ne ke faruwa tare, kuma sabon shiga bai san wanne ne ya kauce ba sai bayan ya tara harsashi ɗari masu kuskure iri ɗaya. Ga shi kuma kwanson raifil dole a fitar da shi a tsakiyar aiki don a goge man da aka shafa masa a auna tsawo, don haka saurin da ake yabon injin da shi yana raguwa ƙwarai.

A cikin masu mataki ɗaya, ka nemi wanda jikinsa ya yi zobe rufaffe, domin ya fi jure nauyin matse kwanson raifil. Rock Chucker na kamfanin RCBS, kamfanin da Fred Huntington ya kafa a 1943 a garin Oroville na Kalifoniya, shi ne wanda aka fi sani, kuma irinsa nake amfani da shi tun farko. Lee Precision na jihar Wiskonsin yana da masu araha, kuma nasa na baƙin ƙarfe, Classic Cast, ba ya jin kunya a gaban kowanne. Hornady da Lyman da Redding duk suna da nagari. Harsashin da za ka kashe barewa da shi a tazarar yadi ɗari biyu ba zai nuna maka bambanci tsakaninsu ba. In ka samu na hannu wanda bai yi tsatsa ba, sandarsa kuma ba ta girgiza, ka saya ba tare da fargaba ba, domin irin wannan ƙarfe yakan kai jikoki. Abin da ka rage a nan sai ka ƙara a kan sikeli.

Ƙarafan da ake ɗaurawa a kan firas, wato dayis, kowane samfurin harsashi da nasa. Kusan duk kamfanoni zare iri ɗaya suke yanka musu, mai kaurin bakwai cikin takwas na inci da zare 14 a kowane inci, don haka dayis na wani kamfani yana hawa firas na wani. Kai saiti mai guda biyu ya ishe ka: ɗaya mai matse kwanso tun daga wuya har gindi yana kuma cire tsohuwar faraima, ɗaya mai dasa kai. Za ka ji ana yabon wanda ke matse wuya kaɗai, wai kwanso ya fi daɗewa. Ban ba mafarauci shawararsa ba, domin bayan harbi biyu ko uku sakata takan fara yin tauri wajen rufewa, kuma ba a gaban barewa ake son gano haka ba. Kada ka manta da 'yar mariƙar da gindin kwanso ke zama a ciki. Lee yakan haɗa ta cikin yawancin saitinsa, sauran kamfanoni kuwa daban ake sayenta, kuma mutane da yawa sun buɗe kwali da ɗoki suka tarar ba za su iya fara komai ba saboda rashinta.

Man shafa wa kwanso abu ne mai araha da ba a tsallakewa. A shekarata ta farko na taɓa mantawa ban shafa wa wani kwanso ba, na danna shi cikin dayis, da na ja hannu sai bakin gindinsa ya yage, ya maƙale a ciki. Kwana huɗu na yi ina jiran ɗan kayan da ake huda gindin a zaro shi da shi, kuma ana saura mako guda a buɗe farauta. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya sayi wannan ɗan kayan tun kafin ya buƙace shi. Yawan man ma illa ne, domin yana lotsa kafaɗar kwanso. Shafa kaɗan da yatsa a jiki ya wadatar, a bar kafaɗa a bushe.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Sikelin da ake buƙata shi ne mai iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Iri biyu ne, mai sanda irin na masu awon zinariya, da mai lantarki. Ga mai farawa na fi son mai sanda. Ba ya buƙatar batir, ba ruwansa da wayar hannu ko fitilar da ke kusa, kuma in ya kauce ido yana gani. Ƙananan sikelin lantarki masu araha da ake cusawa cikin wasu ƙunshin kwali suna da halin zamewa a hankali, ka fara aiki yana nuna daidai, bayan rabin awa ya kauce da kashi biyu ko uku cikin goma na giren ba tare da wata alama ba. Na taɓa warware harsashi arba'in ɗaya bayan ɗaya saboda irin wannan, bayan na ɗora kaskon awo babu komai a ciki na ga lambar ba ta koma sifili ba. Akwai masu lantarki nagari, har da masu zuba albarushi da kansu, amma ɗaya daga cikinsu zai cinye rabin kuɗinka ko fiye. Kowanne ka zaɓa, ka sayi 'yan duwatsun gwaji masu sanannen nauyi, ka gwada sikelin da su duk ranar da za ka zauna aiki. Sannan ka lura da iska. A Hyustan ba a rabuwa da na'urar sanyaya ɗaki da fanka, kuma iskarsu kaɗai ta isa ta motsa sikeli, don haka ka zaɓi kusurwar da ba ta bugawa.

Tare da sikeli akwai mazubin albarushi, wanda ake saita shi ya riƙa sako kima ɗaya a kowane juyi. Da cika yake aunawa, ba da nauyi ba, kuma yawancin albarushin da ya dace da .308 ƙwayoyinsa dogaye ne kamar gutsattsarin tsinke, ba sa zuba daidai kowane lokaci. Yadda nake yi, kuma yadda nake koya wa kowa, shi ne in saita mazubin ya sako ƙasa kaɗan da abin da nake so, in ɗora a sikeli, sannan in cika da ɗan bututun nan da ake murzawa yana sako ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ga harsashi hamsin, auna kowanne ba wahala ba ce. Za ka buƙaci mazurari, da katako ko roba mai ramuka inda kwanso ke tsayawa a jere. Wannan katakon yana da wani amfani da ya wuce riƙo: bayan ka gama zubawa, kafin ka dasa kai ko ɗaya, ka ɗauki tocila ka leƙa kowane kwanso, ka tabbata duk suna da albarushi kuma tsayinsa ɗaya. Harsashin da babu albarushi a cikinsa, faraima kaɗai tana iya tura kansa ya tsaya a tsakiyar bututun bindiga, in aka bi shi da wani harbi kuwa, sai dai Allah ya kiyaye.

Abu na biyu shi ne kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da masu gyaran inji ke auna kaurin ƙarfe da shi. Ka sayi na ƙarfe mai karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, mai agogo ko mai lantarki. Dalilin buƙatarsa shi ne kwanson raifil yana ƙara tsawo duk lokacin da aka harba shi aka matse shi. Iyakar tsawon kwanson .308 inci 2.015 ne, kuma littattafai suna cewa a datse shi zuwa 2.005. In ya wuce iyaka, bakinsa yana cusuwa cikin maƙogwaron bindiga ya damƙe kan harsashin, matsi ya haura ko da awon albarushinka daidai ne. Wannan ya kawo mu ga abin datsewa. Lee yana da wani ɗan ƙarami mai sanda da aka yanka daidai tsawon kowane samfuri, ba ya buƙatar saiti kuma ba ya kuskure, har ana iya ɗaura shi a kan injin huda na hannu. Ga mai bindiga ɗaya, ya wadatar. Bayan datsewa sai a bi bakin ciki da waje da 'yar wuƙar gyaran baki don a kawar da kaifi.

Akwai wani ma'auni da ba a cika sa shi cikin jerin kayan farawa ba, ni kuwa ina sa shi, wato ƙarfen gwajin kwanso irin na kamfanin L.E. Wilson, wanda ake jefa kwanson da aka matse a ciki a ga ko ya zauna daidai. Sabon shiga yakan ɗaure dayis ya wuce kima, ya tura kafaɗar kwanso baya da yawa. Duk harbi sai tagullar ta miƙe ta cike wannan giɓi, kuma daga wuri ɗaya take miƙewa, sama kaɗan da gindi, har wata rana kwanson ya rabe biyu a cikin bindiga, iska mai zafi ta dawo ta baya. Alamar ita ce wani zobe mai haske da ke bayyana a wurin. Ka lanƙwasa bakin 'yar waya ka zura ciki ka karta bango, in ka ji kwari a wurin, ka murƙushe kwanson ka yar. Ga bindiga mai sakata, tura kafaɗa baya da kamar kashi biyu cikin dubu na inci ya isa.

Sauran ƙananan kaya ba sa buƙatar dogon bayani: abin dasa faraima na hannu, wanda ya fi na jikin firas ba da ji a yatsa, gudumar roba da ake warware harsashin da aka yi kuskure a kansa, tabaran kariya, wanda ba a taɓa faraima sai da shi, da littafin rubutu. Kowane akwatin harsashi da ka ɗura ka manna masa takarda mai kwanan wata, da sunan albarushi da awonsa, da irin faraima da kai, da tsawon harsashin, da yawan harbin da kwanson ya sha. Teburin aiki kuma ya zama mai nauyi, a ɗaure firas a kansa da ƙusoshi masu noti, domin matse kwanson raifil yana ɗaga tebur marar ƙarfi.

To, ƙunshin kwali fa?

Ƙunshin yana da amfani, kuma sau da yawa ya fi sayen kaya ɗai-ɗai sauƙi. RCBS da Hornady da Lee da Lyman duk suna da shi. Abin da za ka sani shi ne kalmar cikakke da ake rubutawa a kan kwalin ba ta cika ba. Kusan dukkansu ba su da dayis, kuma da yawa ba su da kalifa ko abin datsewa. Saboda haka kafin ka biya, ka ɗauki jerin abin da ke ciki ka gwada da abin da na lissafa, ka dubi irin sikelin musamman. In mai sanda ne na kirki, ƙunshin ya cancanci saye. In ɗan ƙaramin lantarki ne, ka sa a lissafinka cewa za ka sake sayen wani. Da dala 500, ina ganin hanyar da ta fi ita ce ƙunshi mai matsakaicin farashi ko firas na hannu, sannan ragowar ta tafi kan littafi da dayis da kalifa da duwatsun gwaji da abin datsewa. Farashi yana motsi, don haka ka yi lissafin da kanka a ranar saye, kuma ka tuna albarushi da faraima da kai suna wajen wannan lissafin. In ka yi odarsu ta intanet akwai ƙarin kuɗin dakon kaya masu hatsari, shi ya sa sayen ɗan kaɗan ya fi sauƙi a shagon unguwa.

Abin da za ka iya jinkirtawa yana da yawa. Injin wanke kwanso yana sa shi ƙyalli, amma tsumma da ɗan buroshin wuya sun isa ga kwanson da bai faɗi cikin laka ba. Dayis masu tsada na 'yan gasa, da injin gasa wuyan kwanso, da abin feƙe wuya, duk ka bar su. A cikin abin da ake jinkirtawa, wanda zan so ka fara saya in hali ya samu shi ne na'urar auna gudun harsashi, domin in gudun da kake samu ya zarce na littafi a awo ɗaya, alama ce matsi ma ya zarce, ko da kwanso bai nuna komai ba.

Game da kwanso, ka fara da wanda kai da kanka ka harba daga sabon akwati, na kamfani ɗaya. Kada ka tsinci na ƙasa a filin harbi, ba ka san sau nawa aka ɗura shi ba. Na soja mai lamba 7.62 yana kama da .308, amma bangonsa yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, don haka awo ɗaya yana ba da matsi mafi girma, ga shi an daddale faraimarsa sai an gyara ramin. Na ƙarfe da na alminiyam ba a ɗura su. In ka leƙa cikin kwanso ka ga huda biyu a gindi maimakon ɗaya a tsakiya, irin faraimar Berdan ce, za ta karya maka allurar dayis mai cire faraima. Albarushi kuma ka sayi iri ɗaya tak da littafinka ya lissafa wa nauyin kan da ka zaɓa. Laba ɗaya takan ba da harsashin .308 kusan 150 zuwa 170, wato aikin wata uku a wurinka. Ko bayan ka tara iri-iri, gwangwani ɗaya kaɗai zai hau tebur a lokaci guda, kuma in ka gama ka juye ragowar cikin gwangwaninsa nan take. Mafi munin hatsarin wannan aiki shi ne a zuba albarushin ƙaramar bindiga, mai saurin ci, a kwanson raifil, kuma ba kullum ake iya rarrabe su da ido ba.

Ajiya a inda kake tana buƙatar kulawa. Zafi da laima na gaɓar Teksas suna lalata albarushi, don haka gareji ba wurinsa ba ne. Ka ajiye shi a ɗaki mai sanyi, cikin gwangwaninsa na asali, nesa da wuta, inda yara ba sa kaiwa, kuma kada ka kulle shi a akwatin ƙarfe mai rufe iska, domin in gobara ta tashi, rufewar ce ke mayar da ƙuna ta zama fashewa. Ƙa'idar NFPA, ƙungiyar kare gobara ta Amurka, ta yarda da albarushi laba 20 a gida cikin gwangwanin asali, kai kuwa ba za ka kusanci haka ba. In ka buɗe gwangwani ka ji wari mai yaji ko ka ga jar ƙura kamar tsatsa, ya lalace. Faraima ta zauna a fakitinta mai ramuka, daban da albarushi, kada a juye ta cikin kwalba. In albarushi ya zube, tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma ake sawa, ba injin zuƙar shara ba. Yawancin faraima tana ɗauke da sinadarin dalma, kuma ƙurarta tana zama a kwanson da aka harba, saboda haka ba a ci ba a sha a teburin, a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki yaro ko a zauna cin abinci.

Game da ragin kuɗin da ya jawo ka, zan gaya maka abin da na gani. Kowane harsashi zai zo maka da sauƙi fiye da na shago, musamman in irin na farauta mai kyau kake kwatantawa da shi, amma da harsashi ɗari shida a shekara zai ɗauke ka lokaci kafin kayan su biya kansu, kuma yawancinmu da muka fara sai muka ƙara yawan harbin. A 2020 da 2021 faraima ta yi wuyar samu a duk faɗin Amurka, masu ɗuri ma suka zauna jira kamar kowa. Ribar da na fi gani ita ce harsashin da ya dace da bindigarka, da sanin abin da ke cikinsa.

Duk abin da na faɗa ya tsaya ne a kan bindigar farauta mai sakata, wadda ita ce na daɗe ina ɗura wa harsashi. Mai bindiga mai sarrafa kanta ko mai gasar nesa yana da ƙarin sharuɗɗa, kuma masu wannan fanni ya kamata ya tambaya. Rubutu kuma ba ya maye gurbin gani da ido. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, tana da kwas na koyon ɗurin harsashi da malamanta ke bayarwa a jihohi da dama, in kuma akwai dattijo mai natsuwa a cikin abokan farautarka, wanda ka ga yana rubuta abin da yake yi, ka roƙe shi ka zauna kusa da shi yammaci biyu kafin ka taɓa naka. Tunda babbar farautar barewa a Teksas farkon Nuwamba ake buɗe ta, ka fara tun watanni uku ko huɗu kafin nan, ka ɗura guda goma sha biyar ko ashirin kacal a zaman farko daga awon farawa, ka je fili ka harba, ka dawo da kwanson mu duba gindinsu tare.